Ni da Baba Nafisa, Mutuniyar Bakin Iyaka

Croydon

Adireshin da aka ba ni a unguwar Croydon ta Landan, shagon gyaran waya na tarar. Na tsaya a bakinsa riƙe da akwatina, na duba lambar da ke jikin ƙofa, na duba wadda ke cikin wayata, duk ɗaya ce. Na shiga na tambayi mai shagon ina ofishin kamfanin kula da tsofaffi. Bai ko ɗago kai ba, ya nuna sama da ɗan sukudireban da ke hannunsa, ya ce sun kwashe kayansu tun watan jiya, an karɓe lasisinsu. Ya ƙara da cewa ba ni ce ta farko da ta zo da akwati tana tambaya ba.

Sunana Hauwa, mutuniyar Gombe. Kafin wannan tafiya ma'aikaciyar jinya ce ni a ɗakin haihuwa. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, Amira da Sadiku. Gonar da na gada wajen mahaifinmu ita na sayar na ba wani dillali a Abuja, wanda ya rantse mini cewa aiki na jirana a Landan, har da ɗakin kwana. Yaran kuwa na bar su wajen Inna, mahaifiyata. Daga bakin shagon nan na kira dillalin, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, aka ce a kashe take. Har yau a kashe take.

Mai shagon ne ya kwatanta mini wani gida da ire-irena suke raɓewa. Katifu a ƙasa, akwatuna a jikin bango, mata daga ƙasashe daban-daban, kowace da irin cutar da aka yi mata. Saboda haka babu mai kunnen jin labarin wata. Doka ta ba mu ɗan wa'adi mu sami wani kamfanin da zai tsaya mana, in ba haka ba mu koma inda muka fito. Kullum da safe in fita, in bi gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, a yi mini murmushi a ce ba sa ɗauka.

Sanyi ya dame ni, amma shiru ya fi shi. A gida ko bayan gari ka bi sai ka sami mai ce maka sannu. Nan kuwa tram, jirgin ƙasa na cikin gari, cike da mutane, kowa idonsa a kan wayarsa. Sai in wuni ban buɗe baki ba, in ban da "sorry" da "thank you." Wata rana na yi tuntuɓe a bakin titi, na ji wata murya ta ce "sannu." Na waiga da sauri ina murna, ashe ni ce na faɗa wa kaina.

Lewisham

Wata Asabar na je kasuwar Lewisham, ba don saye ba, sai don an ce mini ana ganin 'yan Najeriya a can. Ina tsaye kusa da mai kifi Inna ta kira ni. Na gyara murya na ce mata lafiya ƙalau nake, aiki ne ya yi yawa, ɗakina ma har da hita. Ina kashe wayar wata mata mai jiki, da leda cike da attaruhu, ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Ƙanwata," ta ce da Hausar Jos, "ƙarya kike yi wa mamanki. Wanda yake da hita ba ya sa safa a hannu."

Na buɗe baki zan yi gardama, sai kuka ya riga ni. Ta ba ni ledar attaruhun ta ce in riƙe, ta ja ni muka hau bas.

Sunanta Anti Rifkatu, tana aikin wanki a wani asibiti, ranar hutu kuma tana yi wa mutane girkin biki. Ta ba ni kujerar falonta na riƙa kwana a kai. Ita ta nuna mini alƙibla da wayarta, ita kuma take kashe waƙoƙin cocinta in ta ga na shimfiɗa sallaya. 'Ya'yanta suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, suna ce mini "Aunty on the sofa." A cocinsu ta yi ta cigiya har aka samo wata mata da ke aiki a wani ƙaramin kamfanin carer, masu kula da tsofaffi a gidajensu, ta shigar da ni. Wa'adina ya kusa cika aka ba ni sabuwar biza, amma gajeriya.

Ranar da na kama ɗakin kaina, ɗan ƙurmusasshe a saman wani shagon aski, Anti Rifkatu ta ba ni tukunya ɗaya da bargo. Ta ce, "Ki riƙa zuwa cin tuwo. Garin nan in kika zauna ke kaɗai, bango za ki fara yi wa hira." Sai dai shift ɗinta da nawa ba sa haɗuwa. Sai mu yi wata ba mu ga juna ba.

Deptford

Aikin carer gudu ne. Ka shiga gidan tsoho, ka yi masa wanka, ka ba shi abinci da magani, ka fita da sauri ka kama bas zuwa na gaba. Ba a ba ka lokacin zama. A haka aka ƙara mini wata tsohuwa a Deptford, a wani dogon ginin ƙaramar hukuma da ke kallon layin dogo. Shugabarmu ta ce sunanta Nevena, 'yar Bulgeriya ce, ba ta jin Turanci, kuma ta kori duk wadda aka tura mata.

Na same ta zaune a bakin taga, 'yar ƙarama, da farin ɗankwali da safar ulu mai zane ja da kore. Na nuna mata kofi na ce ruwa? Ta gyaɗa kai. Na kawo, ta ture. Na nuna banɗaki na ce wanka? Ta girgiza kai. Na ƙyale ta, sai ta hau faɗa da yarenta tana buga sanda a ƙasa. Haka muka yi ta yi har mako ya zagayo. Na fara tunanin ko rikicin tsufa ne, na kuma fara jin tsoro, don in ta kai ƙarata ban san abin da kamfani zai yi da ni ba.

Ranar Lahadi na tarar da ɗanta, Rumen, wani dogon mutum mai furfura da gajiya a ido. Direban motar kaya ne, kullum yana hanya. Na ba shi labari, ya yi dariya har da tari.

"Babu wanda ya gaya miki? A wajenmu in mutum ya gyaɗa kai, a'a yake nufi. In ya girgiza, to ya yarda. Matar nan wanka take so tun ranar Litinin."

Ya ce kowa Baba yake ce mata, wato kaka. Na ce mu ma a wajenmu ana kiran dattijuwa haka. Ya fassara mata. Ta kafa mini ido, ta tambayi sunana. A wajen aiki an riga an lanƙwasa shi yadda ni kaina ba na gane shi, amma ita na faɗa mata yadda Inna ke faɗa.

"Hava?" ta ce. Ta miƙo hannu ta taɓa gefen hijabina, ta murza shi tsakanin yatsunta kamar mai duba atamfa. Sannan ta dafa ƙirjinta. "Nefize."

"Nafisa?" na ce.

Ta girgiza kai da ƙarfi, idonta ya kawo ruwa. A karon farko na gane cewa e take nufi. Rumen kuwa dariyarsa ta ɗauke. Ya ce rabonsa da ya ji ta faɗa wa baƙo wannan suna, ya manta.

Daga ranar ta zama Baba Nafisa. Wayata ba ta iya fassara yarenta na cikin duwatsu, sai ta riƙa kawo shirme, muka haƙura da ita. Da hannu muke magana, da ido, da kuma wasu kalmomi da muka tsinta a tsakaninmu kamar kuɗin da ya faɗi a rairayi. In ta ƙoshi ta ce "bereket," in ce albarka. In ta dubi jiragen ƙasa suna wucewa ta yi ajiyar zuciya ta ce "dyunya," in ce duniya. Sabulu ma sunansa bai yi nisa da namu ba. Ni kaɗai take gani a wuni, ni ma ita kaɗai ce take kiran sunana daidai.

Garinsu

A bangon falon akwai hoto ɗaya: fararen gidaje masu jan rufi, sun hau jikin dutse kamar awaki, rafi ya ratsa ta tsakiya, duhun itatuwa ya kewaye su. Duk Lahadin da Rumen yake gari, sai ta sa shi ya zauna ya zama bakinta. Shi yana hamma, ita tana zuba, ni ina yanke mata farce ina saurare. A haka na san garin kamar na taɓa kwana a cikinsa.

Sunansa Zlatograd, can ƙarshen kudancin ƙasarsu, daf da iyakar Girka. Ma'anarsa Garin Zinariya. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin zinariyar ba, dalma ake haƙowa, ita ce ma ta cinye huhun mijinta. A zamanin da Turkawa ke mulki, Daridere ake ce masa, wato Kwarin Gero. Da na ji haka na ce ashe 'yan'uwa ne mu, na nuna mata hoton gero a waya. Ta yi dariya ta ce garin ma an canja masa suna kafin a zo kanta.

Musulmi da Kirista suke zaune a garin, harshensu ɗaya. Sana'arsu saƙa da kiwon tumaki da taba. Ta nuna mini yadda ake shirya ganyen taba a zare da doguwar allura, tun tana yarinya har yatsunta suka karkace. Tana da aure da goyo aka zo da sojoji aka ce kowane Musulmi ya zaɓi sabon suna. Wanda ya ƙi, ba albashi, ba asibiti. Wani ma'aikaci ya dube ta ya ce Nevena ya dace da ita. Har matattu ba a ƙyale ba, an bi duwatsun kaburbura an kankare rubutun. Rumen ma, a gida Ramadan ne, amma bai taɓa rubuta shi a ko'ina ba.

Sai labarin waya. Ba wayar magana ba, wayar ƙarfe mai ƙaya da aka ja a kan duwatsu tsakaninsu da Girka. A zamanin kwaminis garin kamar kurkuku yake. Baƙo ba ya shiga sai da izini. A gindin wayar akwai fili da ake sharewa kullum ya yi sumul, don ko kare ya taka a ga sawunsa. Yara a makaranta ana koya musu su kai rahoton duk fuskar da ba su sani ba. Wani lokaci a ji harbi daga kan dutse, washegari kowa ya tafi gonarsa, ba mai tambaya.

Mahaifiyarta daga wani ƙauye ta bayan dutsen, ɓangaren Girka, aka auro ta, lokacin yaƙi, sa'ad da hanya take a buɗe. Tafiyar hantsi ce a ƙafa. Wata kaka, lokacin tsinkar taba, aiki ya yi mata yawa, ga Nafisa a goye, sai ta aika babbar 'yarta Emine wajen kakarta ta yi 'yan kwanaki. Yarinyar ko wayo ba ta gama yi ba. Kafin a gama shanya taba aka rufe iyaka.

"Ba ta dawo ba?" na tambaya.

Rumen bai ma fassara ba, shi ya amsa. "Ba ta dawo ba. Daga gonarmu ta kan tudu ana hango hayaƙin ƙauyen. Kakata kullum ita ke zaɓar kunyar da ke can ƙarshe, ta yi aiki tana fuskantar kudu. Har ta mutu ba ta sake ganin 'yarta ba."

Sai bayan da mulkin kwaminis ya faɗi 'yan'uwan biyu suka haɗu, kowace da jikoki. A lokacin ma ba a buɗe hanyar dutsen ba, sai da Baba Nafisa ta yi wuni guda a mota ta zagaya ta wata mashiga mai nisa, don ta je inda take hange tun tana yarinya. Yanzu an yi kwalta, in ji Rumen, kafin shayi ya huce ka tsallaka. Sai dai garin ya zama na tsofaffi. Matasa duk sun watse neman aiki, shi ma da ya ga ta fara faɗuwa ita kaɗai a gida ya ɗauko ta ya kawo ta nan, ya ajiye ta a bakin taga.

Na koma ɗakina ran nan na kasa cin abinci. Na kira Amira, ta ce mini haƙorinta ya fita tun makon jiya, ta ɗauka na sani.

Inna

Na shiga shekara ta biyu, lokacin sabunta biza ya yi. Kamfani ya tura komai, aka ce in jira. Ina cikin jiran Yaya Sale ya kira ni da rana, abin da bai saba ba. Ya ce Inna ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, tana asibiti.

Na je wajen wata mai ba da shawara kan harkar biza, wadda Anti Rifkatu ta sani. Ta saurare ni da kyau, sannan ta ce, "Hauwa, ba zan ɓoye miki ba. In kika fita ƙasar nan kafin amsa ta zo, an yi cancel ke nan. Za ki shiga Najeriya, amma dawowa sai wani ikon Allah."

Na duba jirgi, na rufe. Na sake dubawa. Gona ta tafi, aikina na asibiti an ba wani, makarantar yara da maganin Inna duk daga hannuna suke fita. Na kira Yaya Sale na ce ya kara mata wayar. Bakinta ya karkace, maganar tana fita da ƙyar, amma na ji ta sarai.

"Kada ki zo, Kulu. Zuwanki ba magani ba ne. Yaran nan ke suke kallo."

"Inna, ko kwana biyu ne..."

"Na ce ki zauna. Na yafe miki duniya da lahira. Kina cin abinci kuwa? Kin rame."

Na zauna. Kullum da safe in duba ko amsa ta zo, kullum shiru. Hannuna yana wanke iyayen wasu, tawa uwar kuwa matar Yaya Sale ce ke juya ta.

A cikin bas saƙon ya same ni, da hantsi, na baro wani tsoho ina hanyar zuwa wajen Baba Nafisa. Yaya Sale ya ce, "Hauwa, sai haƙuri. Bayan azahar za a kai ta." Na ce innalillahi a hankali, don kada in dami na kusa da ni. Matar da ke gefena tana cin biskit. Bas ya tsaya a tashata, na sauka, ƙafafuna suka kai ni inda suka saba.

Ina buɗe ƙofa Baba Nafisa ta dubi fuskata. Ta san Inna ba ta da lafiya, ta sha ganinta a waya. Ta ce, "Maika?" wato uwa. Na tsaya na rasa ta wace fuska zan kaɗa kaina, irin tamu ko irin tasu. Ba ta jira ba. Ta buɗe hannuwa, na durƙusa na sa kaina a cinyarta, na yi kukan da ban yi a bas ba. Tana shafa bayana tana karanta Fatiha da wani irin lafazi da ban taɓa ji ba, amma Fatiha ce.

Da na lafa ta nuna wayarta ta ce in kira Rumen. Yana kan babbar hanya, ta daka masa tsawa, na ji ya gangara gefe ya kashe mota. Ta yi magana mai tsawo, shi kuma ya riƙa juyo mini da ita guntu-guntu.

"Ta ce ranar da ta haɗu da Emine, abu na farko da yayarta ta tambaye ta shi ne, Mama ta yi fushi da ni da ban zo ba? Shekara da shekaru tana ɗauke da wannan tambaya. Ta ce ke yanzu kina inda Emine take, ita kuma tana inda yayanki yake, ita ce ta zauna a bakin gado. Don haka ki ji daga bakin wadda ta gani. Uwa ba ta fushi da ɗan da hanya ta tare. Ta ce har numfashin ƙarshe abin da mahaifiyarsu take tambaya shi ne, ko yarinyar nan tana da rigar sanyi."

Na share hawayena da gefen hijabi. Ta cikin wayar ina jin motoci suna wuce Rumen.

Ran kwana uku na zo na tarar ta sa Rumen ya sayo fulawa da mai da nono. Ta ce "sadaka," kalmar ba ta bukatar tafinta. Na zaunar da ita a kan kujera a kicin, ita tana murza ƙullu da karkatattun yatsunta, ni ina suya. Wani irin fanke ne mai faɗi. Ta sa na buɗe taga, wai a garinsu sai ƙamshin mai ya tashi mamaci yake sanin an tuna da shi. Ba haka aka koya mana a Islamiyya ba, amma na buɗe.

Muka cika tire. Ta riƙe sandarta da hannu ɗaya, ɗayan ta saƙala a nawa, muka bi ƙofofin benen muna ƙwanƙwasawa. Tunda aka kawo ta ginin ba ta taɓa buga ƙofar kowa ba. Wasu suka leƙo ta sarƙa suka ce ba sa saye. Wata 'yar Somaliya ta gane, ta karɓa ta yi addu'a. A ƙofar ƙarshe wani tsohon Bature ne da karensa. Na yi masa bayani cewa mahaifiyata ce ta rasu, al'adarmu ce mu raba abinci. Ya ɗauki ɗaya, ya cire hularsa.

"Mene ne sunanta?" ya ce.

Tunda aka haife ni ban taɓa kama sunan Inna da bakina ba. Ko ƙawa mai sunanta, laƙabi nake sa mata. Amma a duk garin nan babu wanda ya san ta taɓa rayuwa, ga shi wani yana tambaya.

"Aishatu," na ce.

Ya maimaita a hankali, bai faɗa daidai ba, ya sake har ya kusa. Ya ce Allah ya ba ta hutu.

Biza ta fito bayan an yi sadakar arba'in. Na karanta saƙon a tsaye a tashar bas, na mayar da wayar aljihu.

Rabuwa

Da sanyi ya fara sauƙi, jikin Baba Nafisa ya ƙara lalacewa. Abinci sai cokali biyu. Ta daina kallon jiragen ƙasa, ta koma kallon hoton bango. Wata Lahadi na tarar suna cacar baki da Rumen, shi yana ɗaga murya, ita tana maimaita magana ɗaya.

"Wai gida za ta," ya ce mini. "Na ce mata can asibiti ƙarami ne, maƙwabta duk tsofaffi. Ta ce ba asibiti za ta nema ba. So take a sa ta kusa da uwarta, a rubuta Nefize a kan dutsen. Hauwa, ke ma'aikaciyar jinya ce, gaya mata tafiyar ta fi ƙarfinta."

Na dube ta. In ta tafi, ban san wa zai sake kiran sunana daidai a garin nan ba. Zuciyata tana so in goyi bayansa.

"Ramadan," na ce, ban san lokacin da sunan ya fito ba, "kai kana da hanya. Ka kai ta."

Ya zauna ya rufe fuska da tafin hannu. Bai sake gardama ba.

Ta ƙi jirgi, ta ce a sama aka kawo ta ba ta ga hanya ba, yanzu so take ta ga kowace iyaka da idonta ana buɗe mata. Ya shimfiɗa mata katifa da matasai a motarsa. Na roƙi a ba ni safiyar, na zo na yi mata wankan ƙarshe, na taje mata gashi, na ɗaura mata farin ɗankwalinta. Muka sauko da ita a lif.

A bakin ginin ta ƙi shiga mota. Ta aiki Rumen ya koma sama, ya dawo da kofi cike da ruwa. Ya ce a garinsu in mutum zai yi tafiya, wanda ya rage a gida shi ke zuba ruwa a gabansa, don hanya ta yi masa sauƙi kamar gudun ruwa.

"Ta ce ba ta da kowa a nan da zai zuba mata sai ke."

Na karɓi kofin da hannu biyu, na zuba a gaban tayar mota, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ƙarar da ruwan ba ta riƙe hannuna, ta karɓe sauran. Ta tambayi Rumen wani abu. Ya ciro waya ya duba, ya juya, ya nuna can bayan layin dogo.

"Tambaya take ta ina garinku yake."

Ta saki sandarta, ta dafa kafaɗata, ta watsa sauran ruwan a gaban ƙafafuna, ta wajen da ya nuna. Ta ce wani abu gajere.

"Ta ce ke ma matafiyiya ce, kuma ba ki isa ba tukuna."

Ya ɗaga ta ya sa a mota kamar yarinya. Ta manna tafin hannunta a gilashi, na manna nawa. Motar ta tashi, ta bi ta kan ruwana, ta sha kwana wajen kasuwa, ban ƙara ganinta ba.

Na daɗe a tsaye da kofin a hannu. Mutane suna wucewa suna kauce wa jiƙaƙƙen wurin, ba wanda ya san ko mene ne. Wayata ta yi ƙara, shugabarmu ce, wai wani tsoho a Lewisham yana jira, ya kira sau biyu. Na sa kofin a jaka, na ce bismillahi, na taka ruwan da ƙafar dama na wuce.